Kunnen Éphraïm Mai Kiɗan Ƙarfe

Éphraïm ɗan Bitrus mai gyaran rediyo ne da amsa-kuwwa a Dogon Dutsi. Shagonsa na bakin gudron, titin kwaltan da ya ratsa garin, jikin rumfar wani mai walda, kuma duk lokacin da ka leƙa za ka tarar da shi ya sunkuya kan wani buɗaɗɗen bafil, wato akwatin amsa-kuwwa, hayaƙin dalma yana tashi a gaban hancinsa. Siriri ne, ba ya da yawan magana. Ranar Lahadi shi ke kaɗa fiyano wa ƙungiyar mawaƙa a majami'arsu, yana yi tun yana ɗan lakwal, wato makarantar boko.

Asalin gidansu wani ƙauye ne a ƙasar Gecheme. Kakansa Sallau mai goge ne, shi ake aika wa in za a yi wasan bori a duk yankin. Bitrus ya bar ƙauyen yana saurayi, ya zo Dogon Dutsi ya kama aikin gini wurin ƴan mishan, a nan ya karɓi baftisma, a nan ya yi aure, kuma har ya mutu bai yarda an ambaci goge a gidansa ba. Daga bakin uwarsa Éphraïm ya ji ƙarshen kakan. Ta ce da tsufa ya zo masa sai ya riƙa zama gindin gawo, tafin hannu a kan kunne, yana cewa ana goge a daji alhali babu mai jin komai. Wata rana da hantsi ya miƙe ya bi sautin. Makiyaya ne suka tsinci gawarsa nesa da gari, babu rauni a jikinsa. Ta ba shi labarin sau ɗaya tana tsince shinkafa, ta ce kada ya kuskura ya tada zancen gaban ubansa.

Éphraïm ya girma, ya koyi gyara, ya auri Josiane mai ɗinki, suka haifi ɗiya suka sa mata Eliane. Da rayuwarsa ta tafi a haka, da ba wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo masa bafil ɗin motarsa ba. Éphraïm ya gama gyara, ya jona da wayar direban don gwaji, sai wani abu ya fito kamar ana jan ƙyauren ƙarfe a kan siminti, ƙarƙashinsa bugu mai nauyi ba ya sauri ba ya tsayawa, can kuma murya kamar ta mutumin da ke magana daga cikin rijiya. Ya yi sauri ya kashe, ya ce bafil ɗin bai gyaru ba. Direban ya yi dariya ya ce lafiyarsa lau, kiɗan ne haka, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya zuba masa a Kwatano, shi ma don hana barci kawai yake sa shi a hanya.

Éphraïm ya roƙa ya kwashe waƙoƙin. Daga baya ya bincika ya gane cewa kiɗa ne mai zaman kansa, ƙungiyoyi ke yin sa a garuruwan Turai masu masana'antu, da na'ura da tarkacen ƙarfe, kuma da gangan suke sa shi ya yi duhu ya tada hankali. Abin da ya kama shi shi ne ya san sautin. A cikinsa yake yini: dutsen wasa ƙarfe na Abdulmalik mai walda, injin niƙa na bayan shago, janareto in an ɗauke wuta, tirelolin da ke wucewa Konni. Ya fara ɗaukar su da waya, yana yanka yana jerawa a wata tsohuwar kwamfuta da wani malamin lakwal ya bar masa. Ranar da ya sa wa Abdulmalik ya ji, mai waldan ya ɗaga baƙin gilashinsa ya saurara har ƙarshe.

"Wagga gudumata ce," in ji shi. "Amma ba ka ɗauke ta da kyau ba. Zo in buga maka."

Haka ƙungiyarsu ta fara, su biyu, suka sa mata suna Tsatsa. Abdulmalik na dukan gangar mai da ƙarfen ƙafar mota da sarƙa, Éphraïm na kan na'ura, yana jero sunayen rijiyoyin da suka ƙafe da na samarin da suka tafi ci-rani ba su dawo ba, ya murɗa muryarsa har uwarsa ma ba za ta gane ta ba. Suna yi a bayan rumfar walda ranar Asabar da la'asar. Sun taɓa yi a gidan matasa, rabin mutane suka fice suna toshe kunne, waɗanda suka tsaya kuwa suka ƙi tafiya sai an maimaita. Da suka sa a intanet, mutane daga garuruwan da bai iya faɗin sunansu ba suka riƙa rubuto masa. Shekarun nan Éphraïm ya yi su da abin saurare manne a kunne, kuma da yake shagon ba ya rabuwa da hayaniya, kullum ƙarar a ƙure take.

Wata Asabar yana tsugunne gaban babban bafil ɗin da ya haɗa da hannunsa, yana gyara wata waya da ta saki, sai Abdulmalik ya matso da makirufo bai lura ba. Bafil ɗin ya yi wani ƙugi mai tsini a daidai kunnensa na hagu. Ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Da zafin ya lafa sai wani siririn sauti ya rage, ya ce a ransa kafin gobe zai wuce.

Washegari sautin yana nan. Ranar Litinin ya buɗe shago ya ce lalle wata na'ura ce ke feɗuwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cirewa daga wuta, har firjin mai sayar da ruwa na maƙwabta sai da ya je ya kara kunne. Da rana ta yi tsaka aka ɗauke wutar unguwar, komai ya yi tsit, sautin kuwa ya ƙara fitowa fili. Ya leƙa rumfar walda.

"Malik, kana jin wani abu?"

"Kamar mi?"

"Wani abu siriri, kamar feɗuwa."

Abdulmalik ya karkata kai ya saurara da gaske, sannan ya girgiza shi. Éphraïm ya koma shago ya zauna. Sautin guda ne, dogo, ba ya hawa ba ya sauka, ba ya numfashi. Ya yi ta neman abin da zai kwatanta shi da shi, ya ce sauro, ya ce tsohuwar talabijin, ya ce gyare. Duk ya san ƙarya yake wa kansa. Ya yi kama da tsirkiyar goge da aka ja aka ƙi sakewa.

Bai gaya wa kowa ba. A majami'a, in fasto ya ce a yi addu'a a zuci, kowa ya sunkuyar da kai, shi nan ne abin ke cika masa kai har ya ji kamar na kusa da shi zai juyo. Mawaƙan mata suna tsayawa ta hagunsa, ya fara shiga waƙa a makare, shugabarsu tana waigowa tana dubansa. Josiane ta yi masa magana daga ƙofar ɗaki bai amsa ba, ta ɗauka fushi yake, ta yini tana tunanin laifin da ta yi.

Da damina ta kankama ya tafi ƙauye noma, kamar yadda ya saba kowace shekara, don gonar gidansu tana hannun ƙanwar ubansa, Gwaggo A'i, wadda ba ta taɓa barin garin ba. A can babu injin niƙa kusa, babu mota. Gero ya kai gwiwa, iska ta kwanta, rana ta take. Ya jingine hauya ya zauna a inuwa, bai san lokacin da ya karkata kai ya ɗora tafin hannu a kunne ba. Gwaggo A'i ta iso da ƙwaryar fura a ka. Ta tsaya nesa kaɗan tana kallonsa, ta sauke ƙwaryar a hankali, ba ta miƙa masa ba.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Mi, Gwaggo?"

"Kada ka maishe ni yarinya. Haka Baba ya ka zama. Wanga kunne ɗin kuma, na hagu."

Ya sauke hannun da sauri kamar ya taɓa wuta. Ya ce ƙarar bafil ce ta taɓa shi, zai wuce. Ta zauna a kan kunya ta miƙe ƙafa, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada gonar ta ji.

"An hwaɗa mini kana wani kiɗi a Dutsi, ba na buki ba, ba na cocinku ba, wai wanda ya ji sai tsikar jikinai ta tashi. Ubanka ya gudu, sunka ƙyale shi, don shi ba ya da hannun kiɗi. Kai kuwa ka zauna kana bugawa, kana kiran sunayen waɗanda babu. Wa kake tsammani za ya amsa maka?"

"Gwaggo, na'ura ce. Ƙarfe ne da wuta."

"Shi ma goge ƙwarya ce da izgar doki."

Ta ce gogen na nan rataye a ɗakinta cikin tsumma, ba ta taɓa bari yara sun taɓa ba. Ta ce ya zo ya ɗauka, a kira masu abin su yi abin da ya kamata, tun kafin ƙafarsa ta fara bin kunnensa. Ba ta tsawata ba, ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Bai sha furar ba. Ya ce ya tuna da wani aiki a shago, ya saɓa jakarsa ya kama hanyar da ke fita bakin titi inda ake samun mota.

Hanya ce da ya sani tun yana yaro. Yana tafe yana maimaita addu'ar Ubangiji, in ya kai ƙarshe ya sake daga farko, idonsa a ƙasa. Da ya ɗaga kai sai ya ga babu gona ko ɗaya, babu sawun amalanke, sabara ce ko'ina da jan dutse. Ya juya baya, nan ma sabara. Ya dubi sawunsa a rairayi, ya ga ashe tun tuni ya saki turba, kuma sawun ba miƙe yake ba, yana lanƙwasa ne a hankali zuwa hagu.

Ya durƙusa ya kama wani reshe da hannu biyu, ya riƙe gam kamar wani zai fizge shi. Ƙasa tana juyawa, sautin kuwa yana nan daram, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ya so ya yi kira, ya ji tsoron abin da zai amsa. Ya daɗe a haka. Da jirin ya sake shi ya miƙe a hankali ya dudduba, can nesa ya hango kan dogon ƙarfen nan na kamfanin waya da ke bakin titi. Ya kafa masa ido, ya yi ta tafiya yana keta ƙaya, bai yarda ya kalli wani wuri ba har ya taka gudron. Mai motar da ya ɗauke shi ya tambaye shi ko ɓarayin daji ne suka kore shi.

Ya dawo Dogon Dutsi wani mutum dabam. Ya kulle kwamfutar a akwati, ya gaya wa Abdulmalik ya bar kiɗa, bai ba da dalili ba. Ya daina fita bayan gari, ko kan dutsen da yake hawa da yamma yana kallon garin ya daina zuwa. In zai je kasuwa sai ya jira wani mai tafiya can ya bi shi. Ya ɗauka in ya bar kiɗan za a ƙyale shi, sai ya tarar shirun ya fi muni, don babu abin da ke rufe sautin. Abinci ya daina shiga. Yakan tsinci kansa yana kallon ƙafafunsa, yana jiran ranar da za su tashi ba da izninsa ba.

Abin ya fashe wata safiya da ya ɗauki Eliane a babur zai kai ta lakwal. Ya zo hawa gudron, ya duba dama, ya saurara ta hagu kamar yadda ya saba, bai ji komai ba sai sautinsa, ya shiga. Ashe wani kamiyo ya daɗe yana oda. Direban ya taka birki har taya ta yi hayaƙi, Éphraïm ya kauce ya faɗa rairayin gefen hanya, babur a kansu. Yarinyar ta ƙuje a gwiwa da goshi. Mutane suka taru, direban yana ta faɗa, Éphraïm yana ganin bakinsa na motsi amma rabin maganar ba ta iso shi ba.

A gida Josiane ta wanke wa yarinyar ciwo, ta sa mata magani, ta aika ta gidan maƙwabta. Sannan ta rufe ƙofa ta zauna gabansa.

"Baban Eliane, yau sai ka gaya mini. In wata mace ce, faɗi. In ciwo ne, faɗi. Amma ɗiyata ba za ta mutu a kan abin da ban sani ba."

Ya gaya mata duka, har da Gwaggo A'i da sawun da ya lanƙwasa. Ta saurara hannunta a ƙirji, ya ga ita ma tsoron ya kama ta. Ta tashi ta zagaya bayansa, ta toshe masa kunnen dama da yatsa, ta sunkuya ta hagu. Ya ji ɗumin numfashinta kawai.

"Mi na ce?"

"Ba ki ce komai ba."

"Na kira sunanka, har na maimaita." Ta koma ta zauna. "Ni ban san zancen kakanka ba, kuma ina jin tsoronsa. Amma kunnen nan ba ya ji, wannan kam na gani da idona. Za mu gaya wa fasto a yi addu'a, kuma za mu tafi Yamai."

Abdulmalik da ya ji labari ya zo har gida, ya zauna a bakin tabarma yana juya hularsa. Ya ce maigidansa da ya koya masa walda a Konni shi ma haka yake, cewa yake zuma ta yi gida a kansa, kuma yana nan da ransa yana faɗa da almuru da safe. Abdulmalik ya ce laifinsa ne da ya matso da makirufo. Éphraïm ya ce ba laifin kowa ba ne, amma maganar maigidan ta zauna masa, ya sa aka maimaita masa ita.

A Yamai wata likitar kunne ta sa shi cikin wani ɗan ɗaki mai kauri kamar akwati, ta ɗora masa abin saurare, ta ce in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Da aka rufe ƙofar ya shiga shirun da bai taɓa sanin akwai irinsa a duniya ba, daga shi sai sautin. Ya ga Josiane ta gilashi tana kallonsa, ya manne idonsa a kanta. Wani lokaci bai san ko ƙarar na'urar likita ce ko tasa ba, ya ɗaga hannu a banza, ya sauke. Ya fito rigarsa sharkaf.

Likitar ta ce kunnen hagu ya lalace ƙwarai kuma ba zai dawo ba, ba ƙugin ranar nan kaɗai ya yi ɓarnar ba, shekarun da ya yi da ƙara a kunne ne. Na dama ma ya fara taɓuwa, amma in ya kiyaye zai iya kai shi tsufa. Sautin kuwa wataƙila ba zai tafi ba, sai dai ya saba. Ta ce mai ciwon kunne ɗaya yakan yi jiri, yakan kasa gane inda ƙara take fitowa.

Éphraïm ya daɗe yana murza hannu kafin ya yi tambayar da ta kawo shi.

"Madam, mai irin wannan yana haukacewa?"

"Sautin ba ya haukatarwa," ta ce. "Rashin barci da fargaba su ke gajiyar da mutum. Me ya sa ka tambaya?"

Ya ba ta labarin Sallau a taƙaice. Ta tambaya ko kakan ya daɗe yana kiɗa, ya ce tun yana yaro har tsufa, tsakanin masu dukan ƙwarya. Ta gyaɗa kai, ta ce mai yiwuwa ne, amma ba za ta yanke hukunci a kan mutumin da ba ta duba ba. Ya so ta ce masa tabbas. Ba ta ce ba.

Ya koma shagonsa. Ya sayar da babur, yanzu Josiane ke raka yarinyar. Ya roƙi mawaƙan majami'a suka koma tsayawa ta damansa. Bayan wasu watanni ya buɗe akwatin kwamfutar, don ya gane in yana aiki da sauti ƙasa-ƙasa kansa yana samun hutu. Tsatsa ba ta mutu ba: Abdulmalik na dukan ƙarfensa da abin toshe kunne, ya ɗauko a waya ya kawo, Éphraïm ya haɗa a shago da ƙaramin bafil, ba ya ƙara sa komai a kunne. Da aka gayyace su wasa a Yamai, Abdulmalik ya tafi shi kaɗai da kwamfutar. Masu bin su a intanet sun ce waƙoƙin baya-bayan nan sun fi na da ban tsoro, ko da yake ba su kai su ƙara ba.

Ƙauye kam bai sake zuwa shi kaɗai ba, kuma in ya je ba ya shiga ɗakin Gwaggo A'i, a waje suke gaisawa. Akwai ranakun da yake manta sautin har azahar. Akwai kuma ranakun da yake canzawa ya yi ƙasa kaɗan, ko ya yi kamar zai karye ya zama wani abu mai kama da waƙa. A irin ranar nan yakan ajiye aiki ya je ya zauna kan benci wurin mai faci, cikin mutane, har abin ya daidaita. Kowace safiya kuma, kafin ya sauko da ƙafa daga gado, yakan ɗaga hannu ya goga yatsu biyu kusa da kunnensa na dama. In ya ji ɗan motsinsu, sai ya tashi ya nemi takalmansa.